Wai qi tsafi ne? Yadda aka kwashe a zaurenmu

Ɗalibin Falsafa: Salamu alaikum. Raina a ɓace yake. Na gabatar da takarda a aji kan qi, wato abin da Sinawa ke ɗauka ƙarfin rai ne da ke cikin mutum, wani ya miƙe ya ce tsafin 'yan kungfu na kawo musu. Wallahi ko buɗe littafin Mengzi bai yi ba. Mengzi, malamin falsafa na ƙasar Sin mai bin koyarwar Konfushiyas, ya rayu wajen 372 zuwa 289 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da almajirinsa Gongsun Chou ya tambaye shi abin da ya ƙware a kai, cewa ya yi ya iya renon qi mai tumbatsa. Ya ce wannan ƙarfi daga tara aikin gaskiya yake tsirowa, kuma duk ranar da ka aikata abin da zuciyarka ba ta natsu da shi ba, sai ya rame. Har ya kawo labarin manomin ƙasar Song da ya riƙa jan shukarsa sama don ta yi saurin girma, ɗansa ya je ya tarar ta bushe. Ina tsafi a nan? Gyaran hali ne zalla a addinin Konfushiyas.

Baban Walid: Addini kuma? Yaro, gyara bakinka. Ina littafinsu da aka saukar?

Ɗalibin Falsafa: Baba, a kan qi nake magana.

Maman Hanifa: Ai gaskiyar Baban Walid ce. Konfushiyas da kansa ya ce a girmama ruhohi amma a nisance su. Malamin tarbiyya ne kawai.

Tsohon Ɗalibin Beijing: Hajiya, to haikalinsa da ke garinsu Qufu fa? Har gobe ana bikin girmama shi a can. Wanda bai taka ƙasar Sin ba ya bar mu da muka gani.

Baban Walid: Kai kullum "mu da muka je". Karatu aka tura ka ko gadin haikali?

Tsohon Ɗalibin Beijing: Alhaji, ban zage ka ba, kar ka fara.

Malama: Ku bar yaron nan ya sha iska. Zhu Xi, babban malamin koyarwar Konfushiyas wanda ya rasu a 1200, ya ce asalin kowa nagari ne, sai dai qi ɗin wani tatacce ne, na wani gurɓatacce, kuma da karatu da kame kai ake tace shi. Sharhinsa aka ɗora jarrabawar shiga aikin gwamnatin Sin a kai daga 1313 har zuwa 1905. Wace ƙasa ce ke ɗaukar ma'aikata da tsafi?

Maman Hanifa: To kin gani, jarrabawa. Boko ne ke nan, ba addini ba.

Malama: Ba haka na ce ba, Yaya. Kar ki sa min magana a baki.

Tsohon Ɗalibin Beijing: Ai in Alhaji ya ce gabas, Hajiya ba ta taɓa cewa yamma.

Ɗalibin Falsafa: Don Allah, ko mutum ɗaya ya karanta labarin manomin?

Baban Walid, shugaban zaure: An rufe. Abin da aka cimma: mafi yawa sun yarda koyarwar Konfushiyas ba addini ba ce, Malama ma ta kawo hujjar jarrabawa da ta tabbatar da haka. Mai batun haikali bai kawo komai ba sai gorin tafiya. Ɗalibi kuma ya riƙa tauna kalma kafin ya furta a gaban manya. Batun qi sai wani lokaci.