Neman Kalma: Me Za Mu Kira SAR Da Hausa?

Assalamu alaikum, malamai da masu sha'awar harshe. Duk wanda ya buɗe 'yar takardar da ke zuwa cikin kwalin sabuwar wayar salula zai ga haruffa uku, SAR (wato "Specific Absorption Rate" da Turanci), da wasu lambobi a gabansu. A wayoyin Android da yawa ma, idan aka danna *#07#, bayanin zai fito. Ina so mu tsayar wa wannan abu suna, domin rashin sunan ya sa ana fassara shi yadda aka ga dama, har ana tsorata mutane.

Abin da ake aunawa shi ne yawan makamashin rediyo da naman jiki yake ɗauka daga waya, kuma ana lissafa shi da wat a kowane kilogiram. Ana gwajin ne da kan mutum-mutumi wanda aka cika da wani ruwa mai halin naman ɗan Adam, a kara masa wayar a kunne tana aiki da iyakar ƙarfinta, sannan na'ura ta auna abin da ya shiga ciki. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta tsayar da iyakar wat 1.6 a kilogiram tun 1996, Tarayyar Turai kuwa wat 2 ne ga kai da gangar jiki, wat 4 ga hannu da ƙafa. Kuma dokar tana da haƙora: a watan Satumba na 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 bayan gwajinta ya nuna wat 5.74 a ma'aunin hannu da ƙafa, sai da Apple ya sabunta manhajar wayar.

Na sha jin ana cewa "tururin waya". Ban gamsu da ita ba, domin tururi abu ne da ke tashi a shaƙe shi, kuma kalmar tana kai zuciya ga gubar nukiliya, alhali makamashin rediyo ba ya fasa ƙwayoyin halitta kamar hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Tasirinsa da aka tabbatar shi ne ɗumama nama. Ban da haka, tururi yana nuna abin da ya fita daga waya ne, SAR kuwa abin da ya shiga jiki yake aunawa.

Da farko na so "shanyewa", kamar yadda busasshiyar ƙasa take shanye ruwa, to amma da na furta "ma'aunin shanyewar jiki" da bakina sai na ji haɗarin: mai karatu zai ɗauka waya tana haddasa ciwon ɓarin jiki. "Zuƙa" kuma ta koma ga numfashi. Saboda haka shawarata ita ce "ma'aunin tsotsar makamashi", tun da soso ma tsotsar ruwa yake yi a hankali, ba da saninsa ba.

Akwai kalma ta biyu a takardar, wato "interference" da Turanci, wadda ke nufin siginar wata na'ura ta shiga aikin wata. Kowa ya san ƙarar nan, dit-dit-dit, da lasifika take yi daf da shigowar kira idan waya tana kusa da ita. Saboda irin wannan ne ake shawartar mai na'urar daidaita bugun zuciya ya nisanta waya daga ƙirjinsa da santimita 15. "Kutse" ta riga ta zama ta masu satar bayanai, don haka na fi son "katsalandan ɗin sigina". Inda nake neman ra'ayinku shi ne ko "shisshigi" ta fi ta dacewa, musamman a jimlar dokar Amurka da ke cewa kada na'ura ta yi wa wata katsalandan mai cutarwa, kuma dole ta jure wanda aka yi mata.