Neman suna: lambun da ke ɗumama kansa ba a hura masa wuta ba

Mai rumfar tumatir, Mile 12:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke karatu a ƙasar Sin ya turo mini bidiyo daga Shouguang, a lardin Shandong. Waje duk ƙanƙara, yana magana tururi na fita daga bakinsa. Ya ɗaga wani labule mai kauri ya shiga, sai tabaronsa ya yi raɓa, da ya goge sai ga kokwamba a rataye shar. Ba janareta, ba murhu. Jiya bayan mun gama sauke kwandunan Kadawa na nuna wa dattawan rumfarmu, suka ce mene ne sunan abin? Na ce girinhaus. Ɗaya daga cikinsu, Baba, ya ce: "Da Hausa fa, ɗan nan?" Sai na yi tsuru-tsuru.

Ga yadda yake. Dogon gini ne miƙe daga gabas zuwa yamma. Arewa da gabas da yamma katanga ce ta ƙasa ko ta bulo, mai kaurin gaske. Kudu kaɗai aka lulluɓe da leda, don a can rana ta kudu take bi lokacin sanyi. Da rana katanga ta sha zafi, da yamma a sauke bargo ko tabarmar ciyawa a kan ledar, katangar ta kwana tana mayar wa shuka abin da ta sha. A 1989 wani ƙauye mai suna Sanyuanzhu ya fara da guda 17, yau Shouguang ta zama babbar kasuwar kayan gwari ta ƙasar Sin, kamar Mile 12 ɗinmu ta Legas. To, me za mu kira shi?

Direba, hanyar Jos zuwa Legas:
Alhaji ai na ji ana cewa "gidan kore".

Malamin makaranta, Agege:
Allah Ya raba mu da "gidan kore". Wanda ya ji zai ɗauka gida ne aka shafa wa koren fenti, ko kuma inda ake korar mutane. Fassarar baƙi da baƙi ke nan. Larabawa suna cewa baitun zujaji, gidan gilashi, amma wannan na leda ne, kuma ko a nan leda ake sawa. Su mutanen Sin da suka ƙware a kansa sun kira shi "ɗakin ɗumi na hasken rana". Aikinsa suka duba, ba launinsa ba. Ni shawarata "ɗakin ɗumi".

Hajiya mai abinci, Obalende:
Malam ka yi haƙuri, ɗakin ɗumi ai na mai jego ne. Ka ce wa mace an kai tumatir ɗakin ɗumi ka ga dariya.

Ɗalibar aikin gona, Akoka:
Iyayena ku gafarce ni, ina ganin abu biyu muke haɗawa a suna ɗaya, don Bature ya haɗa su. Wanda ake kafawa a gonakin Epe da Ikorodu ba ɗumi yake nema ba, Legas ai ba ta rasa ɗumi. Ruwan sama yake tarewa da ƙwari, irin tsutsar nan da manoman Kano suke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a 2016 har kwando ya gagari talaka. Shi ya sa gefensa raga ne, sama a buɗe masa mafitar iska, babbar damuwar mai shi yadda zai rage zafi. Na bidiyon Alhaji kuwa kishiyarsa ne: a toshe ko'ina, a kama zafi a hana shi gudu. Idan aka gina irinsa a Ikorodu, kafin azahar shukar ta dahu. Kuma zancen fuskantar kudu bai dame mu sosai ba, Legas digiri 6 da ɗoriya take daga layin da ya raba duniya kudu da arewa, rana kusan ta tsakar ka take bi duk shekara.

Mai rumfar tumatir, Mile 12:
'Yata kin warware rabin rigimar. Namu na nan a bar shi "lambun rumfa", kowa zai gane. Saura na sanyin.

Magini, Idi-Araba:
Ni wannan abu bai zama mini baƙo ba. A Zariya na taso, a ɗakin soro na kakanmu, katangar tubali mai kaurin da yaro zai kwanta a bakin taga ya miƙe. Da hunturu idan ka jingina bayanka da katangar bayan isha za ka ji ta da ɗumi kamar jikin mutum, alhali na ɗakin langa-langa suna can suna karkarwa. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta saurin sakinsa. Wannan ilimin na iyayenmu ne, leda kawai aka ƙara a gaba. Ni sai in ce "rumbun rana". Rumbu ai ajiya ce, ka zuba lokacin da akwai, ka ɗiba lokacin da babu.

Ɗalibar aikin gona, Akoka:
Baba magini, sunan ya yi daɗi, amma ya fi dacewa da katangar kanta, ba da lambun duka ba. Kuma ba katanga kaɗai ke wannan aikin ba. A Amurka da Kanada masu ƙananan lambu sukan jera duro cike da ruwa, a shafa musu baƙin fenti, a jingina da bangon arewa. Ruwa ya fi kankare riƙe zafi kusan ninki biyu idan girmansu ɗaya. Duro mai lita 200 da ya sauka da digiri 5 cikin dare ya saki zafin da ya ɗan fi na dutsen guga mai wat 1,000 da aka bari a kunne awa guda. Duk waɗannan sai mu kira su "rumbun ɗumi".

Hajiya mai abinci, Obalende:
Ni ban yi boko ba, amma bari in tsoma baki. A garinmu idan sanyi ya matsa abu biyu ake yi. Ko a hura kara a ji ɗumi, ko a fita gindin katanga a sha hantsi. Na farko sai da makamashi, na biyu kyauta ne. Tunda kun ce wannan ba a hura masa komai, ai hantsi yake sha. Ku ce "lambun hantsi" mana.

Malamin makaranta, Agege:
Hajiya kin kayar da ni. Gyara ɗaya: hantsi na safe ne, katangar kuwa har la'asar tana sha. Amma ba zan ja ba, don Bahaushe bai san shan hantsi da bazara ba. Kalmar da kanta ta ɗauko sanyi, ta ɗauko rana, ta ɗauko rashin wuta. Wanda ake kunna wa gas ko lantarki, irin na Holan, shi sai ya zama "lambun murhu".

Direba, hanyar Jos zuwa Legas:
Ni dai zan gwada ta a kan mutanen Bokkos da Vom, su da sanyi ke kama wa ƙashi a Disamba. In sun gane ba tare da na yi bayani ba, ta zauna.

Mai rumfar tumatir, Mile 12:
Na kai wa Baba da asuba, yana ƙirga kwanduna. Lambun rumfa ya karɓa, rumbun ɗumi ya karɓa. Da na ce lambun hantsi sai ya ajiye biro ya sake karɓar wayar ya kalli bidiyon. Ya ce sunan ya yi, amma a tambayo masa yaron: bargon nan mai tsawon tirela biyu, wa ke naɗe shi kullum da safe? Na tura, ya ce da can da hannu ake ja da igiya, yanzu ƙaramin inji ne. Baba ya ce to ashe dai ba a rabu da NEPA ba. Malam, injin naɗe bargo kuma sai ka nemo mana sunansa.