BOV ɗina na kashe min mota in na saki totur, sifirin ne ko me?

Mai_WRX:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da mota Subaru WRX 2006 mai inji lita 2.5, giyar hannu, an cire mata turbon kamfani an sa turbo VF39 na Subaru STI, an yi mata tunin yanzu bust ɗinta, wato matsin iskar da turbo ke tura wa inji, yana kai psi 18. Kwanan nan na cire bawul ɗin da ta zo da shi mai mayar da iska ciki na sa BOV (bawul ɗin da ke sakin iskar turbo in an saki totur) mai fesarwa waje, kuma ba wani abu ya sa ba illa ƙarar "fishhh" ɗin nan da nake so. To tun daga nan in na taka ta na saki totur zan canza giya sai ta yi kamar ta shaƙe, wani lokacin har ta yi harbi ta salansa da ɗan baƙin hayaƙi, in kuma na zo tsayawa na taka kuloci sai allurar juyin inji ta faɗi ƙasa motar ta mutu. Bakaniken da ya ɗaura ya ce wai sifirin ɗin cikin BOV ɗin ne ya yi laushi don bust ɗina ya yi yawa, ya ɗaure notin saman tamau. Mutuwar ta ragu amma yanzu wata ƙara take "tutututu" maimakon fishhh. Shin in nemo sifirin mai ƙarfi ne, ko in sayi babban BOV mai 50mm? Kuma tututun nan yana da illa?

Usta_Turbo:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kar ka sayi komai tukuna, matsalarka ba ta sifirin ba ce, ta eyafulo ce. Motarka MAF take amfani da shi, shi ne eyafulon, sensan da ke auna iskar da ke shiga inji, yana nan bayan filtar iska kafin turbo, duk iskar da ta wuce ta kansa ya ƙirga ta ya gaya wa kwamfutar mota, ita kuma ta zuba man da ya yi daidai da ita. Bawul ɗin kamfani in ya buɗe gaban turbo yake mayar da iskar, bayan sensa, lissafi bai ɓaci ba. Kai kuma yanzu iskar da aka riga aka ƙirga kake watsarwa waje, kwamfuta ba ta san ta tafi ba, ta zuba mai alhali ba iskar da za ta ƙone shi, shi ne shaƙewar, shi ne baƙin hayaƙin, ragowar man kuma ya je ya kama a salansa ka ji harbi. In ka ci gaba a haka fulogi za su yi baƙi. Motocin da ke aiki da sensan matsin iska (MAP) kaɗai ba su da wannan damuwar don su a cikin manifol, bututun da ke raba wa inji iska, suke auna matsi, shi ya sa za ka ga wani ya sa irin naka lafiya lau yake yawo.

Ɗaure notin da aka yi bai gyara komai ba, hana bawul ɗin buɗewa kawai aka yi, iskar da ke fita ta ragu shi ya sa mutuwar ta ragu.

Gudu_Zalla:
Haba Usta, ai tututun nan ya fi fishhh daɗi wallahi. Ni ma toshe nawa na yi gaba ɗaya kuma har yau turbo na nan garau. Mai_WRX bar ta haka kawai ka more abinka.

Usta_Turbo:
Gudu_Zalla a psi nawa kake? Don ƙarar da kake jin daɗinta iska ce da ta tarar da totur a rufe, ba hanyar fita, ta juyo baya tana dukan fankar turbo tana gudu, kamar mutum ya zo da gudu a rufe masa ƙofa a fuska. Ɗan kaɗan a ƙaramin bust ba zai kashe turbo yau ko gobe ba, na yarda, amma a psi 18 kullum kullum boris ɗin da ke riƙe shaf ɗin ne ke shan wahalar, kuma turbon na rage gudu, in ka shiga giya ta gaba sai ka jira ya sake tashi.

Maganar sifirin kuma da yawa suna juya ta. Ba da bust ake zaɓarsa ba, da zuƙar injin a silo ake zaɓa. Lokacin da kake kan totur matsin yana ƙasan fistin ɗin cikin BOV kuma yana samansa ta ƙaramin tiyon nan da ya taho daga manifol, su biyun sun kashe juna, sifirin ɗan ƙari ne kawai. Aikinsa na gaske shi ne ya riƙe fistin a rufe a silo lokacin da injin ke zuƙarsa sama. Injin da ba a taɓa masa kam (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji) ba yakan zuƙi kamar 18 zuwa 22 a ma'aunin zuƙa na inHg, mai manyan kam ƙasa da haka, shi ya sa ma kamfanin BOV na TiAL da zuƙar silo suke cewa a zaɓi sifirin ɗinsu.

Saiti kuwa, bari mota ta yi zafi, ka sassauta notin a hankali har ka ga fistin ya fara ɗagawa ko ka ji silo ya canza, sai ka mayar har ya rufe, ka ɗan ƙara kaɗan. Wani ya taka totur ya saki kana kallo, ya kamata ya buɗe da sauri ya rufe kafin allura ta dawo silo. In ya daɗe a buɗe ƙara ɗauri, in kana jin tututu a hanya sassauta.

Mai_WRX:
Na gode Usta, Allah ya ƙara basira. Na leƙa yanzu, tiyon saman an yi masa reshe ne da na gejin bust, kuma siriri ne dogo. Wannan ma matsala ce? Kuma ba yadda zan samu ƙarar ba tare da motar tana mutuwa ba?

Usta_Turbo:
Matsala ce, siririn tiyo mai reshe na sa bawul ya makara wajen buɗewa, shi kaɗai ma yana kawo tututu ko da sifirin daidai yake. Ba shi nasa shi kaɗai daga manifol, gajere, wanda ba ya lotsewa, ka sa kilif.

Ƙara kuma akwai masu raba iskar biyu, wata ta koma ciki wata ta fita, irin Turbosmart Dual Port ko GFB Respons, shi Respons ɗin har juya shi ake ka zaɓi yawan da zai fita. Ka fara da kaɗan, ka sa na'urar OBD mai karanta kwamfutar mota kana duba yadda motar take gyara mai, kana ƙarawa har inda motar ta fara ƙorafi sai ka koma baya. In kuma lallai sai duka waje to sai mai tunin ya mayar da ita kan MAP, wannan aikin tunin ne sabo. Mai 50mm manta da shi, na manyan turbo ne kuma sai an yi walda an sa masa mazauni, VF39 bai kai can ba, kuma ba ƙarfin doki ko ɗaya da BOV ke ƙara wa inji. Tsohon bawul ɗin yana hannunka? Mayar da shi ka zaga da ita ka dawo ka gaya mana ko ta sake mutuwa.