Shawarwarin da aka ba ƙanwarmu kan labarin girman yaro

Jiya bayan la'asar a majalisarmu ta marubuta nan Yelwa a Bauchi, wata ƙanwarmu ta kawo rubutunta kan yarinyar da ta tashi a Gwallameji, sai hira ta koma kan irin labarin nan da ake bin yaro tun yana ƙarami har ya mallaki hankalin kansa. Malam ya ce Jamusawa ne suka raɗa masa suna Bildungsroman, tun ƙarshen ƙarni na 18 suke rubuta irinsa.

Abin da kowa ya yarda da shi, kar ki mai da aure shi ne girman. Littattafanmu da yawa da an ɗaura aure shikenan an rufe, alhali girma yana iya zuwa ranar da yarinya ta gane babanta ma yana jin tsoro, ko ranar da aka aike ta kasuwar Muda Lawal ta yar da kuɗin cefane ta tsaya bakin titi tana tunanin me za ta ce a gida. Wallahi nan ya fi taɓa ni.

Yayanmu ya ce ki bar yarinyar labarin ta yi kuskurenta, kar ki riƙa shigowa kina wa'azi. Maganarta ma ta canza, bakin 'yar shekara 9 a makarantar allo daban da na mai shirin JAMB.

An ɗan ja kan ko dole sai ta bar gida, makarantar kwana ko aikatau. Ni dai ina ganin tsakar gida ɗaya ma ta isa, tana kallon yadda uwarta ke haɗiye magana gaban kishiya.