Dan Allah man saifires ɗin nan sha ake yi ko shafawa kawai?

Maman Biyu, Agege:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema akan Ummanmu. Abinci take sayarwa nan Agege, tun asuba tana tsaye gaban tukunya har bayan la'asar, toh yanzu jijiyoyin ƙafarta sun fito ruɗu-ruɗu a bayan gwiwa da sharaɓa, in yamma tayi ƙafar sai tayi nauyi ta kumbura ko silifas baya shiga. Wata mata mai tallan kaya a WhatsApp ce ta sayar min da wata ƴar kwalba mil 10 wai man saifires, tace a ɗiga uku a shayi safe da dare sannan a shafa shi zalla a wurin, wai yana tsinka jini har basir yana kashewa. Bamu fara sha ba dan warin yayi ƙarfi, amma mun shafa, wurin yayi ja yana mata ƙaiƙayi, na faɗa wa matar tace ai alamar yana aiki kenan. Wlh hankalina bai kwanta ba. Wanda ya san man nan ya taimaka min.

Mai Kemis, Idi-Araba:
Wa alaikumussalam Maman Biyu. Kar Umma ta sha ko ɗigo ɗaya, kuma ku dakata da shafawar yau ɗin nan. Jan nan da ƙaiƙayi fata ce take nuna bata so, ba wani aiki yake yi ba. Ku wanke wurin da sabulu mara ƙarfi da ruwa ku barshi ya huta. Irin waɗannan mayukan da ake tatsowa daga tsiro masu ƙarfi ne sosai, basa haɗuwa da ruwa, in kin ɗiga a shayi sama zai tsaya ya taɓa maƙogwaro da ciki kai tsaye, in kuma mutum ya ƙware ya shiga huhu wannan babbar matsala ce. Ki duba jikin kwalbar ma ko akwai lambar NAFDAC, duk mai cewa a sha abu a matsayin magani wannan ce tambayar farko da za'a masa.

Ɗalibin Kimiyya, Yaba:
Aunty bari in ƙara akan na Yallaɓai. Bishiyar sunanta Cupressus sempervirens, doguwa ce siririya, a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum take fitowa, su Faransa da Sifen da Maroko suna cikin masu tatsar man. Ganyen da ƙananan rassan ake turarawa da tururin ruwa, tururin ya kwaso man, in ya huce sai man ya taso saman ruwa a kwashe. Sinadarin da yafi yawa a ciki shine alfa-pinin, sau da yawa yakan kai rabin man ko ya wuce, sai delta-3-karin yana biye masa, sai su limonin da sedrol kaɗan kaɗan. Warin da kika ji daga alfa-pinin ɗin ne, shine ma babban sinadarin tafentin da masu fenti suke tsinka fenti da shi.

Inda nake so ki lura shine waɗannan sinadaran basa shiri da iska da zafi da haske. In kwalba ta daɗe a buɗe ko tana shan rana sai iskar oksijin ta canza su su koma wasu abubuwa masu tada fata, kuma in fatar mutum ta riga ta kamu da wannan borin toh duk sanda ta sake haɗuwa da man zai iya dawowa ko da an tsarma shi. Kinga zafin Legas, kaya ya kwana a shago ko cikin but ɗin mota a goslo, ga wuta bata tsayawa balle a ce firij, baki san tun yaushe kwalbar take yawo ba kafin tazo hannunki. Shi yasa ake zuba shi a kwalbar gilas mai duhu a rufe gam a aje wuri mai sanyi. Kuma yana kama wuta, kar a aje shi kusa da risho ko gas ɗin Umma.

Hajiya Mai Turare, Obalende:
Ƴata ni kam ina amfani da shi kuma ina jin daɗinsa, kar a ɓata shi gaba ɗaya. Ɗigo ɗaya nake sawa a cokalin shayi na man kwakwa ko man zaitun, in murza ƙafa daga ƙasa zuwa sama kafin in kwanta, sanyin ƙamshin nan yana sauke min gajiya. Amma zalla kam ban taɓa ba, sha kuwa a'uzubillahi. Kuma kafin nan sai na gwada a cikin damtse na bari ya kwana ya wuni in ga ko zai yi ja. Jabu ma sun cika kasuwa, ki ɗiga a farar takarda ki barshi, na gaske tashi yake yi, in ya bar tabon maiƙo toh an haɗa shi da wani man.

Mai Kemis, Idi-Araba:
Hajiya ma'auninki daidai ne, ɗigo ɗaya a mil 5 wajen kashi 1 cikin 100 kenan, kuma a babban mutum mai lafiyar fata ba'a cika wuce kashi 2 ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, sauƙin da kike ji tausar da ɗaga ƙafar suna da kaso babba a ciki. An gwada man a ɗakin bincike an ga yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a faranti, amma faranti daban jikin mutum daban, babu ƙwaƙƙwarar hujja a jikin mutane cewa yana mayar da kumburarriyar jijiya ko yana warkar da basir. Masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara su bari, mai asma kuma yayi hattara da shaƙarsa a rufaffen ɗaki.

Mai Tumatir, Mile 12:
Toh fa, ni dama dan basir ɗin naso in saya. Kenan Yallaɓai kar in sa?

Mai Kemis, Idi-Araba:
Alhaji kar ka kai shi wurin nan sam, fatar wurin bata ɗaukar irin wannan. Ka yawaita ruwa da ganye da wake, ka rage daɗewa a bayi, in kana ganin jini kaje likita ya duba.

Nas Ɗin Dare, Mushin:
Maman Biyu ni ƙafar Umma ce tafi damuna akan man. A cikin jijiyoyin ƙafa akwai wasu ƴan ƙofofi da suke hana jini gangarowa ƙasa in yana komawa zuciya, shekaru da haihuwa da ƙiba da doguwar tsayuwa suna raunana su, sai jini ya taru jijiyar ta buɗe ta murɗe. Abin da aka shafa a fata bazai gyara ƙofar da take ciki ba. Ku samar mata doguwar kujera a gaban tukunya ta riƙa zama tsakani, ta riƙa ɗan takawa tana ɗaga dunduniya, da dare a sa mata filo biyu ƙarƙashin ƙafa. Akwai safa mai matse ƙafa da ake sawa tun da safe, amma a bari a asibiti su auna ta su ce ta dace, musamman in tana da suga. Tambaya ɗaya, kumburin duka biyun ne daidai ko ɗaya tafi?

Maman Biyu, Agege:
Nagode sosai Allah ya saka muku da alheri. Sista yanzu na duba, ta hagun tafi kumbura sosai, kuma sharaɓar da ɗumi, tace tun shekaranjiya take mata ciwo in ta taka, wai bata so ta tada mana hankali ne.

Nas Ɗin Dare, Mushin:
Ƴar uwa ki aje wayar nan ku tafi asibiti yau, kar ku jira gobe. Ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi da ciwo yana iya zama jini ne ya daskare a jijiyar ciki, kuma hoton cikin ƙafar da ake ɗauka a asibiti ne kawai zai tabbatar. Kar kowa ya matsa ko ya murza wurin, da mai ko ba mai, dan gudan jinin zai iya ɓallewa ya tafi huhu. In ta fara haki ko ciwon ƙirji a hanya ku wuce sashen gaggawa kai tsaye. Ki tafi da kwalbar da duk maganin da take sha ki nuna wa likita, Allah ya bata lafiya, ki sanar damu abin da suka ce.