Wai malaman Yahudawa limamai ne ko me?

DanAsawase: Salamu alaikum jama'a. Wata tambaya ke damuna. Yayana da ke Bronx a New York ya aiko mana da kaya, a jikin kwalin biskit akwai wani tambari, U a cikin da'ira, ya ce wai malaman Yahudawa ne ke ba da shi don a san abincin ya halatta a addininsu. To shi wannan malamin nasu da ake ce wa rabbi mene ne aikinshi takamaimai? Limami ne kamar na masallacin unguwa ko kuwa kamar fada ne na coci? Masu sani a taimaka don Allah, ba gardama nake nema ba.

Malam_Aboabo: Wa alaikumus salam ɗana. Ya fi kusa da mufti da alƙali a kan liman. A wurinsu ba dole ba ne rabbi ya ja ibada, in maza goma baligai sun taru duk wanda ya iya karatun zai iya wucewa gaba, wasu wuraren ma suna da mai murya daban da suke ɗauka don wannan. Shi malamin aikinshi karantarwa da yanke hukunci. Asalin abin kuwa, da can masu hidimar babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus su ne a gaba, kuma gado ne daga zuriyar Annabi Haruna. Da Rumawa suka rushe ɗakin a shekara ta 70 miladiyya sai yanka da hadaya suka tsaya, wani malami Yohanan ben Zakkai ya buɗe makaranta a garin Yabne, daga nan ragama ta koma hannun masu karatu ko da ɗan talaka ne. Wajen shekara ta 200 aka tattara hukunce-hukuncensu a littafin da ake kira Mishna, sannan malaman Iraƙi na makarantun Sura da Pumbedita suka yi ta sharhi a kai har aka samu Talmud, babban littafin fiƙihunsu. Mutum sai ya yi shekaru gaban malami kafin a ba shi izinin ba da fatawa, kusan yadda muke ijaza. Kuma suna da kotu ta malamai uku, nan ake sakin aure da raba rigimar kuɗi da karɓar mai shiga addinin.

NimaBoy_NY: Malam ya gama magana wallahi. Ni dai abin da na gani da idona lokacin ina tuƙin tasi a Brooklyn zan ƙara. Makarantarsu ta manya in ka wuce ta bakin taga sai ka ɗauka faɗa ake, bibbiyu suke zama da littafi ɗaya buɗe a gaba, wannan ya karanta wancan ya ce ban yarda ba, ana nuna layi da yatsa ana ɗaga murya, kuma haka tsarin yake ba rashin kunya ba ne, ɗalibi ma yana ja da malaminshi in yana da hujja. Mu nan ka ce wa malam "amma" sai a ce ba ka da tarbiyya lol. Batun nama kuwa sun fi mu tsanani nesa ba kusa ba, mahaucinsu sai ya yi karatu an ba shi takarda, wuƙar kafin yanka sai ya bi bakinta da farce, in akwai ɗan giɓi ko kaɗan ba a yanka da ita, bayan yanka kuma a duba huhu. Nama da madara ba sa haɗuwa ko a tukunya. Shi ya sa suke da masu sa ido a masana'anta, tambarin da ka gani na ƙungiyar Orthodox Union ne.

HajiyaTafo: Ni abin da nake son sani wa ke biyansu? Don namu malaman makaranta a zango Allah ne kawai gatansu, kuɗin Laraba ma sai an yi ta bin iyaye, sidi biyar sai ka ga uba yana ɓata rai. Sannan na ji wai har mata suna zama rabbi, gaskiya ne?

Malam_Aboabo: Hajiya kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. A Amurka jama'ar majami'a ce ke ɗaukar malami da kwantiragi da albashi, in ba su gamsu ba su ƙi sabuntawa, abin da ke da daɗi da kuma rashin daɗi, don wanda ke biyanka da wuya ka faɗa mishi gaskiya mai ɗaci. Na da can da yawansu sana'a suke yi. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar 1204, likita ne a fadar Salahuddin, da Larabci ya rubuta littattafai da dama, kuma ya soki masu cin abinci da karantar da Attaura sosai. Mata kuwa ya danganta da ɓangare. Regina Jonas ta samu izini a Jamus 1935, Sally Priesand a Amurka 1972, amma yawancin 'yan Orthodox, wato ɓangaren masu riƙo da tsohon tsarin addinin, ba su yarda da shi ba har yau.

Zongo_Lawyer: Ku dai kuna ta yabonsu, Gaza fa?

NimaBoy_NY: Yaya ba yabo ba ne, tambaya aka yi aka amsa. Kuma ba bakinsu ɗaya ba, akwai malamansu masu goyon bayan gwamnatin Isra'ila ɗari bisa ɗari, akwai 'yan Satmar, wani rukuni na Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, da tun asali ba su yarda da kafa ƙasar ba. Ka buɗe wani zaren mu je can.

DanAsawase: Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ashe ma nan Ghana akwai su, wani direba ya ce min a Sefwi Wiawso akwai 'yan ƙasa masu kiyaye Asabar da majami'arsu. To biskit ɗin fa, mu ci?

Malam_Aboabo: Alade dai babu a ciki in da tambarin nan. Amma karanta kayan haɗin, su giya ba haram ba ce a wurinsu.