Auna dalma da tutiya a ruwan rainon ƙwayoyin halitta

Tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Ina auna dalma da elektirod (sandar da lantarki ke bi ta cikinta wajen awo) na kabon mai rufin ƙarfen bismut. A ruwan asitet mai pH (ma'aunin tsami) 4.5 sakamakon yana fitowa sarai, amma idan na koma ruwan DMEM (wani ruwan rainon ƙwayoyin halitta) da aka zuba wa kashi 10 cikin 100 na ruwan jinin ɗan tayin saniya, sai alamar dalmar da na'urar ke nunawa ta ragu ƙwarai. Me ke jawo haka?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Furotin ɗin da ke cikin ruwan jinin, musamman albumin, yana manne wa fuskar elektirod ya toshe ta, sannan shi da sinadarai irin su sistin da histidin (tubalan ginin furotin) suna kama ƙarfen su riƙe, ta yadda kaɗan ne ke isa elektirod ɗin. Rufin Nafion (wata irin roba da ake shafa wa elektirod) yana rage mannewar. Ki sirka samfurin da asid domin ƙarfen ya saku, kuma ki riƙa ƙara sanannen adadin dalma a cikin samfurin kansa, domin ma'aunin da aka gina a ruwan asitet ba zai yi daidai a nan ba.

Amsa ta biyu:
Malam ya yi gaskiya, amma ina ganin ya kamata ki fara tantance abin da kike nema. Asid zai nuna miki kusan jimillar ƙarfen ne, alhali wanda ke yawo a sake a pH 7.4 na ruwan rainon shi ya fi shafar ƙwayoyin.

Amsa ta uku:
Idan kin zo kan tutiya, ki kula da jan ƙarfe, domin suna haɗewa a kan elektirod, alamar tutiya ta dushe. Ƙara ƙarfen galiyam yana magance wannan.